Bijimin Tubali

Ba tsufa ne ya sa ni wannan dogon tunani ba, samarin fadar shan shayin da ke ƙofar shagona ne. Yara ne masu ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba, kullum kofin farko nawa ne. To amma rannan ɗayansu ya miƙo mini wayarsa yana dariya, ya ce, "Baba, dubi abin da na haɗa." Na duba, sai ga raƙumi yana shawagi bisa kasuwar Tasawa, ƙafafunsa na reto, inuwarsa na bin rumfuna, har gashin wuyansa ana iya ƙirgawa. Na ce, "Yaushe ka yi wanga?" Ya ce, "Yanzun nan, kafin shayi ya tafasa." Na ce madalla, Allah ya ƙara basira, na mayar masa da wayarsa. Abin da baki ya faɗa ke nan. A ciki kuwa wani abu ne mai ɗaci ya taso mini, irin wanda ake cewa na mata ne, alhali mu maza ɓoyewa kawai muka fi su iyawa. Kishi na ji, kishin yaron da ni na ɗauki hoton auren iyayensa. Da na zauna na bi sawun kishin kuma, sai na tarar ba kan yaron ya tsaya ba. Ya zarce can baya, ya nufi gidan Dogo, inda ya saba kwana.

Kafin in zo ga Dogo, bari in fara da sa. Ni ɗan ruga ne, daga dajin da ke kusa da El Allassane Maireyrey. Abin da kunnena ya fara sani a duniya shi ne kukan igiya tana goga itacen bakin rijiya, da ƙarar gorar da Inna ke kaɗa nono, da muryar Baba yana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran 'ya'yansa. A cikin garken akwai wani bijimi fari sol, Baba yana ce masa Daneri. Tozonsa kan kwanta gefe guda in yana tafiya, ƙahonsa na hagu ya ɗan fi na dama sunkuyawa, kuma yana da wata ɗabi'a ta girgiza kai sau biyu kafin ya sa baki a ruwa. Ni aikina zuba ruwa a kwami ne, amma rabin lokacin ina durƙushe ina zana Daneri da tsinke a jiƙaƙƙen yashi, har sai Baba ya daka mini tsawa. Yakan ce, "Mai shanu ba ƙirga su yake ba, ganinsu yake." Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa, Daneri ya kwanta a gindin wata aduwa bai sake tashi ba. Baba bai yi kuka ba, amma Inna ta daɗe tana ɗauke ƙwaryar furarsa yadda ta ajiye ta. Bayan nan ne ya sayar da abin da ya rage, ya kawo ni Tasawa lakwal, ya ce karatu dai fari ba ya kashe shi.

A lakwal na gamu da Dogo. Ɗan ma'aikaci ne, ubansa na ofishin duwan, wato kwastan, gidansu akwai tele da firiji. Yana zuba Faransanci kamar a bakinsa aka yi shi, ni kuwa sai na tauna kalma kafin ta fito. Duk da haka muka shaƙu, don shi ma sarkin son hoto ne. Mun ci kwano ɗaya, mun sha bulala ɗaya, kuma da muka zama samari muka shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan matasa tare. Mai kula da mu wani malamin lissafi ne da kowa ke kira Mushe, siriri, mai yawan shan sigari, wanda ya yi karatu a bakin teku ya dawo da kai cike da abubuwan da ba mai tambayarsa. Shi ne ya roƙo mana wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, wadda wani aikin raya karkara ya bari da ya tashi. Dogo ya taɓa ta kwana biyu ya ce ba ya iya zaman jiran akwati, ya koma ga kamara. Ni kuwa na liƙe mata.

Yaran yanzu ba za su gane yadda aikin yake ba, ko na rantse musu. Da farko sai ka gina abu da layuka, kamar mai ɗaure kan ɗaki kafin a baibaye shi. Ka sa masa fata, ka gaya wa injin inda rana take da inda inuwa za ta faɗa. Sannan ka danna, ka koma gefe. Mushe yana ce wa wannan jira "randu", mu kuwa muka sa masa dahuwa, don wallahi kamar ɗora tukunya ne. Hoton yakan fara fitowa daga sama, layi bayan layi, ka ga kan ƙaho tukuna, ka je ka yi alwala ka dawo ka tarar an iso ido. Kuma wannan duk hoto ɗaya ne tak, alhali motsin ƙiftawar ido yana cin hotuna fiye da ashirin. Injin na gurnani yana huci, mu kuma muna yi masa fifita da faifai, mun rataya jiƙaƙƙen buhu a taga saboda zafi. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, sai ta ga dama take zuwa. Sau nawa hoto ya kai ga kofato sai ka ji ɗif, fanka ta tsaya, aikin yini ya tafi! A nan na koyi zagi da harsuna uku. Amma na so waɗannan ranaku, Allah ya sani. Ƙamshin roba mai zafi da hayaƙin sigarin Mushe sun fi mini turare.

Mushe ne ya koya mini cewa duk hoton da ke cikin inji gida-gida ne, kamar ɗinkin hula. Kowane gida launi ɗaya yake ɗauka. In gidajen suna da yawa ƙanana, hoto ya fito sumul, amma dahuwarsa ta daɗe. In kaɗan ne, ya dahu da wuri, sai dai ba ya son a matso kusa da shi. Na ji wannan magana, na haddace ta, ban taɓa zaton ita za ta raba ni da rabona ba.

Fim ɗin da ƙungiya ta shirya labarin wani makiyayi ne da fari ya cinye wa garke, sai wani farin bijimi ya fito daga cikin tabki ya ja shi zuwa inda ciyawa take. An ɗauki wasan a bakin wani tabki wajen Maijirgi, Dogo ne riƙe da kamara. Bijimin kuwa aka ce ni zan yi shi a inji. Ba wanda ya gaya mini wane sa zan zana, kuma ban tambayi kowa ba. Na kwantar da tozon gefe guda, na sunkuyar da ƙahon hagu, na sa shi ya girgiza kai sau biyu kafin ya tako daga ruwa. Muna cikin haka Mushe ya zo da labari: wani abokinsa da ke aikin fim a Yamai zai biyo ta Tasawa bayan girbi, zai kalli aikinmu, kuma yana da wurin ɗalibi ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba. Ni da Dogo muka dubi juna muka yi dariya, amma daga ranar kwanonmu ya fara rabuwa ba tare da kowa ya ce komai ba.

Sai ga matsala. Mushe ya ɗauki alli ya yi lissafi a bango, ya juyo ya ce mini, "In ka ce babban hoto kake so, mai gidaje da yawa, da wannan kuran tamu sai damina ta sake zagayowa sanka bai fita ruwa ba. In ka yarda da ƙarami, za ka gama kafin a ɗaure gero." Na ce, "Mushe, a mi za a nuna shi?" Ya ce, "A mi kuwa? A telen gidan matasa mana, yadda muka saba." Telen nan ba ta fi faifai biyu faɗi ba. Na gwada ƙaramin hoto a kanta, na ja baya inda 'yan kallo ke zama, sai na ga Daneri tsaye yana dubana. Na ce a tafi a haka. Na yi ta dahuwa har aka gama girbi, na rame, wuyana ya yi tsawo, amma sa ya fito daga tabki cikakke. Na aika wa Baba saƙo da masu zuwa kasuwar Mayahi, na ce ya zo Tasawa, akwai wanda ke son ganinsa.

Ana gobe baƙo zai iso, Dogo ya shigo yana haki, fuska cike da fara'a. Ya ce, "Albishirinku! Na samo aron injin haska bango wurin masu faɗakarwa kan rigakafi. Tele ta yi wa babban baƙo kaɗan. A bangon magazan ɗin ajiyar gyaɗa za mu haska, gari duka ya gani." Ƙungiya ta ɗauki sowa. Na dubi Mushe, Mushe ya dubi sigarinsa. Na ce, "Dogo, sana bai son faɗi." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba ɗan Fulani, bijimi ai da girma aka san shi." Har yau ban ce ya san abin da zai faru ba. Ban kuma ce bai sani ba. Yana nan zaune ranar da Mushe ya yi bayanin ɗinkin hula, wannan dai na tabbata.

Bayan magariba fili ya cika, mata a gefe da goyo, masu tsire sun kafa tukuba, baƙon Yamai na kan kujera a gaba da gilashi a goshi. Baba ya iso a amalanke tun la'asar, ya zauna a kan buzunsa can gefe, sandarsa a kan gwiwa. Aka fara. Aikin Dogo ya fito tas a bango, don abin da kamara ta ɗauka ya jure faɗaɗawa. Akwai wurin da ya yi wata 'yar dabara, ya tsayar da kamara aka janye wata yarinya mai wasan aljana, ya sake kunnawa, sai ta ɓace ɓat. Fili ya ɗauki salati. Dabarar da ba ta ci masa ko tafasar ruwa ba ke nan! Sannan aka zo tabki. Ruwa ya motsa, ƙaho ya ɓullo, ni kuma tun daga kan ƙahon na ga gefensa ya yi matakala. Da san ya fito duka, kowane gidan launi ya kai girman tafin hannu. Tozo ya zama tarin tubali, ido ya zama baƙin murabba'i, ƙafafu na tafiya suna warwatsewa suna haɗuwa. Sai wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Kai jama'a, wane magini ne ya gina sa?" Dariyar da aka yi ranar, ina jin har Maijirgi an ji ta.

Dariyar gari ba ta kashe ni ba. Da aka watse na je in kama wa Baba buzunsa, ya riƙe hannuna ya daɗe yana duban bangon da ya koma fari. Ya gane shi, abin da ya fi ciwo ke nan, girgiza kan nan sau biyu bai ɓace masa ba. A hankali ya ce, "Ɗana, ai da ka bar shi inda ya kwanta. Wa ya sassare shi haka?" Na ce, "Baba, zo gobe in nuna maka shi a tele, a can lafiyarsa lau." Ya ce a'a, ya gani. Da asuba ya hau amalanke ya koma, kuma har ya bar duniya bai sake tambayata aikin inji ba.

Baƙo ya tafi da Dogo. Ni aka bar ni da suna, Mai Bijimin Tubali, daga baya aka gajarta shi ya koma Tubali, har matata in ta yi fushi da shi take kirana. Na buɗe shagon hoto, na yi ta ɗaukar fuskokin masu neman katin ɗan ƙasa da amare da 'yan makaranta. Ban yi yunwa ba, alhamdu lillahi. Amma duk sanda sunan Dogo ya hau a ƙarshen wani shiri a tele, sai in tashi in ce zan duba akuya. Ya je ƙasashe, ya yi suna, ya aiko mini da hula daga wani wuri na ba maƙwabci. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na yi wa gonar Dogo taki har ta gaji da yabanya. Abin da ya fi wannan muni ban taɓa gaya wa kowa ba: tun daga daren bango idona ya lalace da ganin tubali. Na mayar da kaset a ƙaramar tele, na ja baya inda na tsaya da farko, amma Daneri bai dawo ba. Na san inda kowane gida yake, ido kuma ba ya mantawa da abin da aka nuna masa. Na kwashe fim ɗin daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya, ina ta jan sa kamar mai jan gawa, ko Allah zai sa wata rana in sake ganin sana sau ɗaya.

Shi ya sa raƙumin yaron nan ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Su yanzu ba su san jira ba. Ba su taɓa yi wa inji fifita ba, ba su taɓa zaɓa tsakanin kyau da lokaci ba. Wayar da ke aljihun mai sayar da ƙosai ta fi injinmu ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma hotonta ko a bangon masallacin Juma'a ka haska shi ba zai fashe ba. Ina ce musu aikinsu ba shi da albarka tunda ba gumi a ciki, su ce haka ne Baba. Ƙarya nake yi, su ma sun sani. Da an ba ni wayar nan a wancan lokaci, da gudu zan karɓa. Ɗayansu ma ya taɓa cewa in ba shi fim ɗin, akwai abin da zai sa ya goge tubalin ya fito sumul. Na ce ya bar shi. San da inji zai ƙirƙiro daga kansa ba wanda ya sha ruwa a kwamina ba ne.

Ana nan, bayan sallar layya, sai ga mota ta tsaya ƙofar shago. Aka fito da wani tsoho dogo, ya rankwafa, 'yarsa na riƙe da hannunsa. Ciwon suga ya ci masa ido, ya bar aiki ya dawo gidan ubansa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana lalube da sanda, ya ce, "Tubali, kana ciki?" Na ce, "Ina zan je? Ai kai ne mai zuwa wurare." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ba shi kujera, muka gaisa, muka ƙirga matattu, Mushe na cikinsu. Na ga yadda idanun suka yi fari-fari kamar an ɗiga nono, kuma Allah ya gafarta mini, ban ji tausayin da ya kamata in ji ba. Can ya ce, "Sanka na nan?" Na ce, "Wane sa?" Ya ce, "Kar ka raina mini hankali. Sa mini shi in gani, tun ɗan sauran hasken nan bai ƙare ba." Na ce, "Dariyar da ka yi a bangon magazan ba ta ishe ka ba?" Ya ce, "Ni ban yi dariya ba ranar. Ina bayan inji ina fama da wayar wuta, ban ko ɗaga kai na dube shi da kyau ba."

Akwai babbar tele a shagon, irin ta bango, wadda nake nuna wa amare hotunansu. Na haɗa wayata da ita, da niyyar ya ga ɓarnar da ya yi mini da girmanta. Ya ja kujera ya matsa. Ruwa ya motsa, ƙaho ya ɓullo, matakalar nan ta fito tana yi mini gwalo kamar kullum. Na kau da kai. Sai na ji Dogo ya ja numfashi.

"La ilaha illallahu," in ji shi. "Dubi tozo yadda ya kwanta! Kai, dubi ruwa na zuba daga wuyansa. Ya girgiza kai... ya sake! Tubali, wanga sa yana da rai."

Na ce, "Ba'a kake yi mini."

Ya ce, "Wallahi tallahi. Ni duk yawon da na yi ban taɓa yin abu mai rai haka ba. To mi ya ba mutane dariya?"

Na dube shi, hawaye na bin kuncinsa, bakinsa a buɗe kamar yaro. Sannan na fahimta. Hazon da ke idonsa ya narkar da gefen kowane gida, ya haɗe su, ya mayar masa da hoton sumul. Daneri yake gani, cikakke, fari sol, yana takowa daga tabki, da girman da ban taɓa samun ganinsa ba ko sau ɗaya. Na juya ga telen na kanne ido, na lumshe, na ja baya har na bugi bango. Ina! Idon ɗan ruga ne da ni, likita ma ya ce ko saurayi sai haka. Tubali na gani, ɗaya bisa ɗaya.

Na zauna ina kallon mutumin nan yana kallon sana. Ya tafi da Yamai, ya tafi da suna, na haƙura ko ban haƙura ba. Yanzu kuma ya dawo da rabin makanta ya samu abu ɗaya tak da na roƙi Allah tsawon rayuwata. Ban taɓa jin kishinsa kamar na wannan yammaci ba.

Aka kira la'asar. Na ce, "Tashi mu je masallaci."

Ya ce, "Sake sa mini shi tukuna."

Na sake sa masa. Na ce, "To faɗa mini abin da kake gani, kar ka tsallake komai."